Kimiyya a Lambu: Yadda Ake Tsare Iyakar Ciyawa a Al Rayyan

Zancenmu na yau a kan wani ɗan abu ne wanda mai wucewa ba ya kula da shi, watau bakin nan inda shimfiɗar ciyawa ta ƙare, fangalin fure ko na kayan miya ya soma. Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san a wurin nan ne wahalar lambu take taruwa. Za mu ɗauki misali daga Al Rayyan ta ƙasar Katar, gama a can ruwa yana da tsada ƙwarai, kuskure kaɗan a bakin ciyawa yakan zama hasara mai yawa.

Al Rayyan tana yamma da birnin Doha, har ma gine-ginensu sun haɗu, baƙo ba ya gane inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara. Sunan nan a Larabci yana nufin wurin da ya ƙoshi da ruwa. An ba ta shi ne domin ƙasarta tana da kwari, in an yi ruwan sama yakan taru nan ya daɗe, tsire-tsire su fito, kamar dai yadda fadama take a ƙasarmu. Amma kada sunan ya ruɗe ku. Ruwan saman da Katar take samu a shekara bai wuce kimanin inci 3 ba, watau milimita 75, alhali Kano takan sami inci 30 ko fiye in damina ta yi kyau. Da bazara kuwa zafi yakan haura digiri 45. Ƙasar wurin ba ta da zurfi, ƙarƙashinta dutsen farar ƙasa ne, ruwan rijiyoyi da yawa kuma yana da zartsi.

Duk da haka, wanda ya shiga Al Rayyan zai ga kore shar a wurare da dama. Akwai Lambun Aspire mai faɗin hekta 88, watau eka 200 da ɗoriya, a unguwar wasannin da aka shirya domin Wasannin Asiya na 2006. Akwai lambunan Birnin Ilmi, inda aka ƙaddamar da Lambun Tsire-tsiren Alƙur'ani a 2008. Akwai kuma filayen ƙwallo uku, na Ahmad bin Ali da na Khalifa da na Birnin Ilmi, waɗanda aka yi wasa a cikinsu a gasar cin kofin duniya ta 2022. Ruwan da ke raya wannan kore iri biyu ne: ruwan teku da aka cire wa gishiri a manyan ma'aikatu irin na Ras Abu Fontas da Ras Laffan, da ruwan da aka yi amfani da shi a gidaje aka tace shi aka mayar domin ban ruwa. Kowace lita sai da aka ƙone makamashi kafin a same ta.

Domin ku ji nauyin abin, ga lissafi. A shekarar 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa filin ƙwallo guda a Katar yakan sha lita 10,000 kowace rana da sanyi, da bazara kuma lita 50,000. Filin ƙwallo tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68, watau murabba'in mita 7,140. In kun raba, za ku ga kowane murabba'in mita yana shan lita 7 a yini da bazara. Ke nan ciyawar da ta tsallake iyakarta ta mamaye faɗin tabarma ɗaya inda ba a so ta, za ta shanye kusan bokiti guda kullum, kuma daga rabon wata shuka take ɗauka.

To, me ya sa ciyawa take tsallake iyaka? Amsar tana cikin halittarta. Ciyayi sun kasu gida biyu wajen yaɗuwa. Akwai masu tsayawa gindi ɗaya su yi tsiri, kamar gamba da jema. Waɗannan suna ƙara kauri a inda aka dasa su, ba su yin tafiya. Akwai kuma masu yaɗo, kamar kiri-kiri, wadda masana suke kira Cynodon dactylon, Turawa kuma suna ce da ita ciyawar Bamuda. Ita da wata 'yar'uwarta mai jure gishiri, wadda ake kira Paspalum, su ne aka fi shimfiɗawa a ƙasashen Larabawa na bakin teku, domin suna son zafi, suna jure takawa, in wani wuri ya ƙwaƙule kuma da kansu suke rufe shi. Wannan halin da ya sa aka zaɓe su, shi ne kuma ya sa ba su zama inda aka ajiye su.

Kiri-kiri tana da hanyar tafiya biyu. Ta fari ita ce yaɗon da ke bin bisa ƙasa, wanda ido yake gani. In kun tsinko shi za ku ga yana da gaɓoɓi kamar karan dawa, kowace gaɓa kuwa in ta taɓa ƙasa mai laima sai ta saki saiwa ƙasa, ta fid da ganye sama, ta zama gindi mai cin gashin kansa. Hanya ta biyu tana ɓoye. Akwai wani farin abu mai kaifin baki da ke ratsawa ta ƙarƙashin ƙasa, wanda mutane suke ɗauka saiwa ce. Masana sun nuna kara ne, gama yana da gaɓoɓi da idanu, saiwa ta ainihi kuwa ba ta da su. A cikinsa ciyawar take ajiye abincinta. Shi ya sa in aka nome kiri-kiri aka bar guntu mai gaɓa ɗaya tak a ƙasa, bayan 'yan kwanaki sai a ga ta tsiro. Manomin da ya sassare ta da fartanya ya bar gutsattsarin a gona bai kashe ta ba, iri ya raba mata.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a fahimta. Yawancin itatuwa da kayan lambu daga kan reshe suke ƙara tsawo, in an yanke kan sai girma ya tsaya na ɗan lokaci. Ciyawa kuwa wurin girmanta yana can ƙasa, dab da gindi. Saboda haka akuya ta ci, ko injin ya aske, ba a taɓa wurin girman ba. Yawan askin ma yana sa ta ƙara fid da rassa ta gefe. Watau duk lokacin da mai lambu ya aske filinsa domin ya yi kyau, yana ƙara tura ciyawar wajen fangalin furensa. Fangalin nan kuwa ƙasarsa a sassauce take, ga taki, ga laima, babu mai takawa. Da zafi, in akwai ruwa, yaɗon kiri-kiri yakan yi taƙi guda ko fiye a cikin mako.

Da yake mun san hanyoyin tafiyarta biyu ne, sai mu gane lalle iyaka mai amfani ta tare su duka biyu. Yawancin karan ƙarƙashin ƙasa yana cikin inci 6 na sama ne, watau santimita 15, ko da yake a ƙasa mai yashi yakan nutsa fiye da haka. Don haka abin da za a kafa ya shiga ƙasa inci 6 zuwa 8. Dutsen da aka jera bisa ƙasa kawai ado ne, ciyawa za ta bi ta ƙarƙashinsa ta ɓullo a tsakiyar fure. Ta sama kuma babu abin da zai hana yaɗo hawa, ko da an gina masa katanga mai kamu guda, sai dai a riƙa datse shi. Amfanin abin da aka kafa ta sama shi ne ya ɗaga yaɗon ya bayyana, a gan shi a yanke kafin gaɓarsa ta taɓa ƙasa a ɗaya gefen.

Hanya mafi sauƙi ba ta bukatar sayen komai. Ana ɗaure igiya tsakanin turaku biyu, a bi ta da shebur mai kaifi a sare ciyawa a miƙe, sa'an nan a kwashe ƙasa ta gefen fure a gicciye, a bar ɗan kwari mai zurfin inci 4 ko 5, bangonsa na wajen ciyawa a tsaye, na wajen fure a kwance. Karan da ya iso bangon nan sai ya fito sarari, iska da rana su busar da bakinsa. Masu lambu a Ingila sun daɗe suna wannan da wani ƙarfe mai siffar rabin wata. Amma ƙasar Ingila tana da danƙo, bangon yakan tsaya. A Al Rayyan yawancin ƙasar lambu yashi ne da aka kawo da mota aka gauraya da taki, bango irin wannan ba ya daɗewa sai ya zube, kuma rana tana busar da bakin ciyawar har ya yi ja. Shi ya sa a can aka fi kafa abu mai ƙarfi. A jigawar Katsina ko Maraɗi haka abin zai kasance, amma a laka irin ta fadama kwarin nan ya isa.

Kowane abin da ake kafawa yana da halinsa, kuma zafi shi ne babban mai jarraba su. Duk abin da ya yi zafi yakan ƙara tsawo, in ya huce ya koma. Ku ɗauki tsawon mita 10, a ce zafinsa ya ƙaru da digiri 40 tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara. Ƙarfe zai ƙaru da kamar milimita 5, alminiyom da kamar milimita 9, amma robar da ake yin irin wannan shinge da ita tana iya ƙaruwa da santimita 6 ko fiye. In an ɗaure bakinta biyu tam, ba ta da wurin zuwa, sai ta lanƙwashe ta yi tozo ta fito daga ƙasa. Magani shi ne a bar mahaɗi mai zamewa, a kuma yawaita turaku. Ban da wannan, a cikin hasken rana akwai wani sashe wanda ido ba ya gani, mai tsinka ƙwayoyin roba har ta bushe ta riƙa karyewa. Baƙar roba da aka gauraya da baƙin gawayi ta fi jurewa, domin baƙin yana shanye hasken nan kafin ya shiga ciki.

Ƙarfe yana da kyau domin siririntakarsa, yana kuma lanƙwasuwa yadda ake so, amma gishiri da laima suna gaggauta tsatsarsa, sai an yi masa rufi. Katako kuwa ruwan yau da kullum yana ruɓar da shi, a ƙasarmu ma gara ba za ta bar shi ya shekara biyu ba. Abin da aka fi gani a titunan Al Rayyan da manyan lambunanta shi ne dakalin kankare da bulo. Suna da nauyi, rana ba ta cin su. Lahaninsu yana wajen mahaɗi: duk inda bulo biyu suka haɗu aka bar tsaga, ko da ba ta fi kaurin farce ba, kan karan kiri-kiri zai same ta. Lalle ne a cike mahaɗin da siminti, ko a sa fallen roba a bayansu. Har wa yau kankare yana ɗaukar zafi da rana ya riƙe shi har dare, saboda haka ciyawar da ke jikinsa ita ce take fara ƙuna, tana bukatar a lura da ruwanta.

Akwai wata dabara da ta zo tare da injin aski. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙago injin yankan ciyawa a Ingila a 1830, kafin nan da lauje mai dogon hannu ake yi. Injin ba ya iya kai wuƙarsa jikin bango, kullum yakan bar gezar ciyawa a baki. Sai masu lambu suka koyi kwantar da jerin bulo daidai da tsayin ƙasa, faɗinsa kamar inci 6 ko 8, domin ƙafar injin ta hau kai wuƙa ta aske har ƙarshe. Daga baya, a farkon shekarun 1970, wani Ba'amurke mai suna George Ballas a birnin Houston ya fito da injin nan mai jujjuya zaren roba yana tsinke gezar. Yana da sauri, amma a yi hattara da shi kusa da itace. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake bi ya sauka zuwa saiwa, in zaren ya zagaye gindi ya fige ɓawon, itacen zai mutu a tsaye sannu a hankali. Saboda haka ake kewaye gindin kowane itace da da'irar da babu ciyawa a cikinta. Itacen kurna, wanda Larabawa suke kira sidra, wanda kuma shi ne tambarin Gidauniyar Katar, ba ya son ruwa kullum kamar ciyawa, da'irar nan tana raba shi da jiƙon da ya fi ƙarfinsa.

Wannan ya kawo mu ga babban amfanin iyaka a ƙasa mai ƙarancin ruwa, watau raba masu sha da yawa da masu sha kaɗan. Ciyawa da famfon feshi ake ba ta ruwa, domin saiwarta ta cika ko'ina. Fure da ƙananan itatuwa kuwa da siririn tiyo mai ɗigo ake ba su, a gindi kawai. In babu iyaka sosai, feshin zai jiƙa fangali, ciyawa ta bi laimar ta shiga, ta nannaɗe tiyon ɗigon, ta riga furen sha. Mai lambu ya ga furensa yana yaushi sai ya ƙara buɗe famfo, bai san ciyawa yake ciyarwa ba.

Sai kuma zancen gishiri. Duk ruwan ban ruwa yana ɗauke da ɗan gishiri a narke. Rana tana ɗauke ruwan ta bar gishirin, shi kuwa yana taruwa ne a bakin inda laima ta tsaya. Shi ya sa akan ga farin zobe kamar kanwa kewaye da wurin ɗigo, ko farin layi a jikin dakali. In aka yi yayyafi kaɗan, yakan narkar da gishirin nan ya kai shi wurin saiwa, shuka ta ƙone bayan ruwan sama, abin ya ba mutum mamaki. Masana aikin gona suna ba da shawara a bar ɗigo yana aiki lokacin yayyafi domin ya tura gishirin waje, a kuma riƙa yin ban ruwa mai yawa jifa-jifa domin a wanke shi ya nutse ƙasa da saiwa. Wanda zai gina dakali ya tuna da wannan, kada ya toshe gindin fangali da siminti ya mai da shi kwano, gama ruwan wankin yana bukatar hanyar wucewa.

Siffar fili ma tana da lissafinta, kuma yaran makaranta za su iya gwada shi a allo. A ce kuna da ciyawa mai murabba'in mita 100. In kun yi ta mita 10 tsawo 10 faɗi, bakinta duka mita 40 ne. In kun yi ta da'ira, bakin bai kai mita 36 ba. Amma in kun ja ta siririya, mita 50 tsawo 2 faɗi, bakin ya zama mita 104. Ciyawar ɗaya ce, aikin datsa ya ninka fiye da biyu da rabi, kuma yawancin feshin zai zuba a kan hanya. Saboda haka siraran filaye da masu yawan lungu su ne suka fi cin ruwa da ƙarfi. Mai son kusurwa daidai kuma ba ya bukatar kayan awo masu tsada: ya auna kamu 3 a gefe ɗaya, kamu 4 a ɗaya gefen, in tsakanin ƙarshensu ya zama kamu 5 cif, kusurwar ta daidaita.

Masu sauraro a gida za su ga ba baƙon ilmi ne wannan ba. Manomin da ya dasa gamba ko jema a iyakar gonarsa ya zaɓi ciyawar da ba ta tafiya, domin ta nuna iyaka shekara da shekaru ba tare da ta shiga gonar maƙwabci ta jawo shari'a ba. 'Yar'uwar jema ta ƙasar Indiya ita ce Bankin Duniya ya yi ta yaɗawa tun shekarun 1980 domin tare zaizayar ƙasa, saboda wannan halin nata da zurfin saiwarta. Mai lambun rani da ya ɗaga ƙasa kewaye da kowane fangali yana tsare ruwan da ya sha wuya kafin ya jawo shi. A Ingila ɗaga fangali ake yi sama domin ruwa ya tsiyaye, mu kuwa nutsar da shi muke yi domin ruwa ya zauna, kowa da abin da samansa ya ba shi. Abin da za a ƙara kawai shi ne zurfi. Kunya da shingen lalle ko na aguwa suna tare dabba da ruwa, amma ba su tare kiri-kiri da aya-aya masu bi ta ƙarƙashi.

Ga wanda yake da ɗan fili a gida, ko a makaranta, ko a harabar masallaci, aikin a taƙaice ke nan. Ya ja igiya ya fid da layi. Ya haƙa rami mai zurfin taƙi guda. Ya tsince duk farin karan da ya gani a gefen fure da hannu, ya shanya shi a rana ya bushe sarai kafin ya zuba a juji. Ya jera bulo a tsaye, ya cike mahaɗinsu, ya bar kansu ya ɗara ƙasa da kamar yatsa biyu. Sa'an nan kowane mako, musamman da damina, ya bi bakin da almakashi ko lauje ya datse abin da ya leƙo. Aikin rabin sa'a ne in ana yinsa a kan kari, amma in aka bar shi wata biyu sai an tone fangalin duka.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake raba ruwan teku da gishirinsa, da abin da ake yi da gishirin da ya rage. Kafin nan, wanda ya gwada abin da muka faɗa a lambunsa ya rubuto mana ya gaya mana irin ƙasar wurinsu da abin da ya gani. Mu kwana lafiya.